Kafin Motar 'Yan Sanda Ta Iso Gangaren

Da wuya ɗan sanda ya tashi da safe da niyyar hawa wani lungun dutse don ya kama masu gangarowa a kan allon zamiya. Yana da abubuwan da suka fi wannan damunsa. In ka ga motarsa ta tsaya a ƙasan gangare, galibi wani ne ya ɗaga waya. Ko matar da ta fito da mota daga gida da baya, wani ya gilma ta bayanta kafin ta taka birki. Ko direban da ya shawo kwana ya yi ido biyu da yaro a tsugune yana tahowa a hannunsa. Ko dattijon da ya gaji da tsintar robobin ruwa a ƙofar gidansa duk ranar hutu. Kiran farko bai cika haifar da komai ba. Na biyar ko na goma shi ke kai maganar gaban majalisar gari, daga nan a wayi gari an kafa sanarwar haramci a bakin titi. Ina son wannan wasa, ina kuma son ya ɗore, shi ya sa nake cewa yawancin gangaren da aka rufe, halin masu hawansa ne ya rufe shi tun kafin hukuma ta sa hannu a takarda.

Ga wanda bai san wasan ba, allo ne na katako mai tayoyi huɗu na roba mai taushi, waɗanda ke kama kwalta da kyau. Mutum ya hau, ya sunkuya, ya goya hannuwansa a baya don kada iska ta tare shi, ya bar gangare ya ja shi. Ba inji, ba birki. Tun da Frank Nasworthy ya fito da tayoyin roba a Kalifoniya a farkon shekarun 1970, suka maye gurbin masu taurin nan da ke cijewa cak in sun taka tsakuwa, gudun yake ta ƙaruwa. A 2017 wani ɗan Ingila, Peter Connolly, ya kai kilomita 146.73 a awa ɗaya yana kan allo, a lardin Kebek na Kanada, a titin da aka rufe domin gasar. Wannan na gwanayen gwanaye ne. Amma ko mai matsakaicin ƙwarewa yana iya kai kilomita 60 a gangare mai kyau. Wasan allo ya shiga gasar Olamfik a Tokyo, wadda aka yi a 2021, sai dai nau'o'in da suka shiga na filin da aka gina ne, ba na gangare ba. Mai tsalle-tsalle ana iya gina masa fili a tsakiyar gari. Mai gangara dutse yake bukata da kwalta shimfiɗe a kansa, kuma kusan duk inda aka sami haka, titin jama'a ne: akwai gidaje, akwai motar kai saƙo, akwai 'yan keke, akwai mai yawo da kare.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ina ganin duk wanda zai hau gangare ya kamata ya haddace shi. Kilomita 60 a awa ɗaya, kusan mita 17 ne a kowace daƙiƙa. In mota tana hawowa da gudun kilomita 40, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da kusan mita 28 a daƙiƙa. A kwanar da dutse ko bishiya suka kare, inda ba ka hango abin da ya wuce mita 30, daƙiƙa ɗaya ce tsakanin ka ga motar da ku haɗu. Daƙiƙar nan kuwa a gane abin da ake gani take ƙarewa, kafin jiki ya motsa. Sannan in gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya sau huɗu yake ninkawa.

Tsayawar ma sai an koya. Akwai jan ƙafa ɗaya a kan kwalta. Akwai miƙewa a buɗe hannuwa iska ta rage gudu. Babbar hanyar ita ce karkatar da allon a gicciye, tayoyin su goge titi har gudun ya mutu, sau da yawa da hannu ɗaya a ƙasa cikin safar da aka liƙa wa faifan roba mai tauri. Cliff Coleman, ɗan wasan allo da ya yi suna a tsaunukan Berkeley na Kalifoniya, da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin irin wannan zamiya har yau. Tana cin wuri, tana cin faɗin titi, kuma wanda bai ƙware ba yakan fara ta a hannunsa ya ƙare ta a hannun mota mai zuwa. Saboda haka dokar farko a wurina, wadda duk sauran ke biye da ita, ita ce: in ba za ka iya tsayawa cikin hannunka ba, cikin nisan da idonka ke gani, to ba ka kai hawa wannan gangaren ba tukuna. Ka koma ƙaramin tudu inda babu mota, ka yi ta maimaitawa.

Layin tsakiyar titi shi ne inda na fi tsanantawa. Na san dalilin da ke sa a ƙetare shi. Wanda ya shiga kwana daga gefen waje, ya yanke ta ciki, ya fita ta waje, shi ke fita da gudunsa cikakke, kuma haka ake yi a gasa. Amma a gasa an rufe titin, an jera daman ciyawa a bakin kwanoni, ga motar asibiti a tsaye. A titin da ke buɗe, wanda ya ƙetare layi ya ɗauki ransa ya ɗora a hannun direban da bai san da zuwansa ba, bai kuma yarda da wannan kasada ba. Mun cika tunanin wanda aka buge, kuma ya cancanci a yi tunaninsa. Amma direban da ya buge shi fa? Mutum ne da ya fito zuwa aiki ko ɗauko 'ya'yansa, yana tafe a hannunsa da gudun da doka ta yarda, zai kuma ƙarasa rayuwarsa da hoton abin da ya faru a gaban gilashinsa. Ba wanda ke da ikon ɗora wa baƙo wannan nauyi don jin daɗin shan kwana guda. Ko ba a yi karo ba, direban da ya kauce da ƙyar, hannunsa na rawa a kan sitiyari, shi ne mai buga wayar nan. Ni a ganina ya yi daidai.

Ƙungiyoyin da suka daɗe suna hawa gangare ɗaya ba tare da tashin hankali ba, za ka tarar suna da tsari, ko da ba a rubuce ba. Ana ajiye mutum a mararraba ko kwanar da ba a gani, da oba-oba ko alamar hannu. Na gaba yana ɗaga hannu ya sanar da na baya in mota na tafe. Ba a wuce juna a kwana sai an san juna. Wanda ya faɗi yana janye jikinsa da allonsa daga titi nan take, domin allon da ya kuɓuce yana ci gaba da gangarawa shi kaɗai, kuma yana iya karya ƙafar mai tafiya ko ya kayar da ɗan keke. In motoci sun taru a baya, a tsaya a ba su hanya. Hular kwano ba abin muhawara ba ce. Wanda ya zo babu ita, a ce masa ya zauna ya yi kallo, ko da ransa zai ɓaci. Mai gadin kwana kuma ya san iyakarsa: aikinsa ya tsayar da masu allo, ba shi da ikon tsayar da motocin mutane. Yaron da ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga wa direba hannu don abokansa su wuce, ya ɗauki aikin da ba nasa ba, kuma babu abin da ke fusata mazauna wuri kamarsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, sau da yawa gangarawar ba ita ke kashe wuri ba. Abin da ake yi a saman tudu da ƙasansa ne. An ajiye motoci sun toshe ƙofar wani. An buɗe kiɗa tun sassafe. An zauna a kan katangar gidan mutane ana shan taba, an yi fitsari a jikin shingen furanni, an bar gwangwanaye da tsofaffin tayoyi. Motar da ke mayar da 'yan wasa sama tana hawa da gudu, tana juyawa a harabar wani sau ashirin a yini. Ita kanta zamiyar tana da ƙara mai shiga kunne, tana kuma barin farin zane a kan kwalta, wanda mai allo ke gani abin alfahari, mai gida kuma ya gan shi ƙazanta a ƙofarsa. Ƙungiyar mutum huɗu da ta yi awa ɗaya ta tafi, kusan ba wanda zai lura da ita. Mutum talatin da suka yini a kwanar titi ɗaya, sun mayar da unguwar mutane filin taro ba da izininsu ba. Gaisuwa tana da tasiri fiye da yadda matasa ke zato. Mai gidan da aka ɗaga wa hannu, aka ce masa barka da asuba, aka tambaye shi ko motar nan ta tare masa hanya, in wani abu ya dame shi wajenku zai zo, ba wajen hukuma ba. Wannan damar, ta a zo a faɗa muku kafin a kai ƙara, ita ce mafi tsadar abin da ƙungiya za ta iya mallaka.

Daga nan sai maganar baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan wuri sun san gidan da ke da jariri, sun san lokacin da motar makaranta ke hawowa, sun san kwanar da ruwa ke kwararo wa yashi bayan an yi sama, sun san maƙwabcin da aka sha wuya kafin a shawo kansa. Wanda ya zo daga nesa don yini ɗaya bai san ko ɗaya ba, kuma ba shi zai zauna da sakamakon ba. Ya yi gudunsa, ya ɗauki bidiyonsa, ya yi cacar baki da wata tsohuwa, ya koma garinsu. Mutanen da suka shekara biyar suna lallaɓa zaman lafiya su za su tarar da motar sintiri ranar hutu mai zuwa. Don haka nake goyon bayan al'adar nan ta neman 'yan wuri kafin a hau gangarensu, da ta ƙin sanya sunan titi ko taswirarsa a ƙarƙashin bidiyo a YouTube ko Instagram. Bidiyo ɗaya mai ɗauke da sunan titi yana iya jawo taron da titin ba zai ɗauka ba, sannan ya zama hujja a gaban majalisar gari ranar da za a yi zaman haramtawa.

Sai dai ban yarda da inda wasu tsofaffin 'yan wasa ke kai wannan ɓoyo ba. Akwai masu mayar da shi girman kai: su kori sabon shiga, su ƙi amsa masa tambaya, su yi masa dariya don allonsa mai araha ne. Yaron da aka kora ba ya barin wasan. Yana zuwa ne shi kaɗai, ko da abokansa biyu da ba su fi shi sani ba, ya sami gangaren da kansa, domin taswirar da ke nuna tudu da kwari tana cikin wayar kowa. Zai hau ba mai gadin kwana, ba wanda ya koya masa zamiya, ba wanda ya ce masa kada ya taɓa layin tsakiya. Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarsa, gangaren da kuke ɓoyewa ya tafi, shi kuma wataƙila ya tafi da abin da ya fi gangare. In kuna son a kiyaye dokokinku, dole ku koyar da su. Ku ware rana a ƙaramin tudu, ku ara wa yaro safar hannu, ku tsaya a kansa har ya iya tsayawa ta dama da ta hagu, sannan ku kai shi babban wurin da kanku.

In 'yan sanda sun iso, abin yi kaɗan ne kuma sananne. A sauka daga allo, a cire hula don a ga fuska, a bar hannuwa a fili, mutum ɗaya mai hankali ya yi magana. "Yallaɓai, barka da aiki, ƙara aka kawo?" ya fi duk wata doguwar muhawara a kan sashen doka. In ya ce ku tashi, ku tashi, ko da kuna ganin kuna da gaskiya. Wurin jayayya kan tara kotu ce, wurin jayayya kan doka majalisa ce. Gudu shi ne mafi muni. Wanda ya hau allo ya tsere ya mayar da gargaɗi laifi, ya sa jami'i binsa da mota a gangare, ya kuma tabbatar masa cewa duk mai allo abin zargi ne. Yana da kyau kuma a san dokar wurin tun kafin a fito, domin ta bambanta ƙwarai. A Jamus, dokar hanya tana lissafa mai allo cikin masu tafiya a ƙasa, don haka titin mota ba wurinsa ba ne. A Kalifoniya, dokar jiha ta wajabta hula ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma bar wa kowane gari ikon hana allo a titunansa, sai ya zama abin da ya halatta a wannan gefen dutse haramun ne a wancan.

Ban sauke wa hukumomi nasu nauyin ba. Suna da hanya ɗaya da suka fi saurin bi, wato haramci, kuma tarihi ya nuna iyakarta. Norwe ta haramta allon zamiya baki ɗaya daga 1978 zuwa 1989, sayar da shi da hawansa. Matasa suka koma gina wuraren wasansu a ɓoye cikin daji, har gwamnati ta janye dokar. Garin Laguna Beach na Kalifoniya ya haramta hawan allo a tituna takwas masu tsananin gangare a 2011, bayan doguwar taƙaddama tsakanin mazauna da iyayen yara masu wasan. A 2012, bayan rasuwar samari biyu a unguwar San Pedro, majalisar Los Anjalis ta kafa dokar da ta tilasta wa masu allo bin dokokin hanya, ta hana su riƙe mota tana jansu, ta kuma sa tarar da ke kai dala 250. Yawancin wannan na yarda da shi, kuma ba na ganin laifin majalisar da ta binne yara biyu ta ce dole ta yi wani abu. Amma dokar ta kuma ce a tsaye kawai za a hau allo. Mai zamiya da hannu a ƙasa jikinsa dab yake da kwalta, kuma jami'in da bai san wasan ba yana iya ɗaukar hakan karya doka, alhali birki yaron yake takawa. Irin wannan tangarɗar tana faruwa ne in an rubuta doka ba a zauna da masu abin ba. Su ma masu abin, in ba su je zaman majalisa ba, in ba su da wanda zai tashi da kamala ya yi bayani, to sun bar wa mai ƙorafi filin shi kaɗai.

Abin da ya faru a titin Dolores na San Faransisko ya tara laifin ɓangarorin biyu wuri ɗaya. Taro ne da matasa masu allo suka saba yi duk shekara ba da izini ba, su cika gangaren da ke kusa da lambun shaƙatawa. A 2020 wani matashi mai keke ya rasu bayan karo da mai allo a wurin, daga baya hukumar birnin ta kafa ƙananan ƙusoshi masu tudu a kan kwaltar don hana gangarawa. A watan Yulin 2023 abin ya rikice, aka ɓata jiragen ƙasa na cikin gari da fenti, wani jami'i ya ji rauni, 'yan sanda suka zagaye jama'a suka kama sama da mutum 100, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 18, aka riƙe su sa'o'i a kan titi cikin dare. Daga baya aka yi watsi da tuhumar mafi yawansu, iyalai kuma suka shigar da ƙara. Ba zan kare taron da ba shi da mai gadi, ba shinge, ba wanda zai amsa tambaya in an mutu ba. Amma kame yara da yawa haka a kan laifin 'yan kaɗan zalunci ne, kuma yaron da aka ɗaure wa hannu a daren nan ba don ya yi komai ba, zai yi wuya gobe ya tsaya ya gaida jami'i a ƙasan gangare. Duk ladabin da nake roƙon matasa su yi yana bukatar su ga cewa yana da amfani.

Hanyar da ta yi aiki an san ta. A jihar Washinton akwai titin Maryhill, wanda Samuel Hill ya gina a 1911, yana cikin titunan kwalta na farko a yankin. Yanzu gidan adana kayan fasaha na Maryhill ke da shi, an rufe shi ga motocin yau da kullum, ana ba da hayarsa ga masu shirya taro. 'Yan wasa daga ƙasashe da yawa suna zuwa su gangara kwanoninsa, a kwashe su a babbar mota a mayar da su sama, ba mai fargabar abin da ke tahowa a kwana. Garin Kamloops na Kanada ya shimfiɗa wa masu gangara tasu hanyar a gefen tudu, inda sabon shiga zai koyi zamiya ba tare da mota ba. Rufe titi ma ba ya wadatarwa in babu tsari: gasar gudun allo ta Signal Hill a Kalifoniya da aka fara a 1975 ta tsaya bayan ta 1978, saboda munanan haɗurran da aka yi a wannan shekarar. Dole a sami shinge, a nisanta 'yan kallo, a tantance wanda zai hau.

Ba kowane gari ke da titin da ba a amfani da shi ba. Amma garuruwa da yawa suna rufe hanya don tseren gudu ko na keke, sun san yadda ake ba da izini, sun san maganar inshora da ta masu agaji. Abin da nake so ƙungiyoyin masu allo su nema ƙarami ne: titi ɗaya marar yawan gidaje, safiya ɗaya a wata, sa'o'i uku ko huɗu, da sunayen mutanen da za su ɗauki alhaki a rubuce, da alkawarin share wurin kafin a buɗe wa motoci. Su je da takardar sa hannun mazauna titin in za su iya samu. Jami'in da zai duba buƙatar zai fara ne da tambayar ofishin 'yan sanda na yankin ko ƙara nawa aka kawo daga wannan gangaren a shekarar da ta wuce, da kuma yadda yaran suka amsa ranar da aka je aka ce su tashi.